Mai Tsaron Kotu, Yaron Wa?

A Amurka akwai shugaban 'yan sandan da ke bi gida-gida yana roƙon ƙuri'a. Sunan muƙaminsa sherif. A jihar Jojiya, gab da zaɓe, ka bi hanyar karkara za ka ga ƙananan alluna an kakkafa a bakin titi da kan ciyawar ƙofar gidaje, ɗauke da sunan mutum da tauraro mai tsini, yana neman a ba shi wannan kujera, kafaɗa da kafaɗa da allon mai neman majalisa da na mai neman kujerar hukumar makarantu. Jojiya tana da gundumomi 159, kowace da nata sherif, kowane da wa'adin shekara 4. A faɗin ƙasar sun kai wajen 3,000. Gwamna ba ya naɗa su, shugaban ƙasa ba ya yi musu canjin wurin aiki. Talakawan gunduma ne ke ɗora mutum, su ne kuma ke sauke shi.

Abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne. Shi ke riƙe da gidan yarin gunduma. Yaransa ke kai sammaci, su ke fitar da ɗan haya idan kotu ta ce ya tashi, su ke sintiri a ƙauyukan da babu 'yan sandan birni. Kuma a yawancin jihohi, su ne ke tsaron kotu: wanda ke binciken mutane a ƙofa, da wanda ke fito da mai laifi daga ɗakin tsaro, da wanda ke tsaye kusa da alƙali da bindiga a ƙugu, duk yaran sherif ne. Alƙali yana da iko da abin da ke faruwa a zaurensa, amma ba shi ya ɗauke su aiki ba, ba shi zai kore su ba.

Mutumin Kafanchan ba zai ji wannan labari ya yi tafi ba. Mun san abin da ƙuri'a ke bi a wurinmu. Ka ce a yi zaɓen wanda zai riƙe bindiga da makullin kurkuku da ƙofar kotu a Jama'a, ko a Zangon Kataf, ko a Kachia, kafin a buga takardar zaɓe kowa ya riga ya ƙirga masallatai da coci-coci ya san sakamako. Wanda ɓangarensa ya faɗi kuwa, da wace zuciya zai shiga kotun ya kai ƙarar gona? Su ma Amurkawan ba su tsira ba. A gundumar DeKalb, nan gefen Atalanta, wani tsohon ɗan sanda mai suna Derwin Brown ya kayar da sherif mai ci, Sidney Dorsey, a zaɓen 2000, da alƙawarin share almundahana. Ranar 15 ga Disamba, saura kwanaki kaɗan a rantsar da shi, aka harbe shi a ƙofar gidansa. A 2002 kotu ta samu Dorsey da laifin ba da umarnin kisan, ta ɗaure shi rai da rai.

Ni dai masaukina ba a Jojiya yake ba. Yana can arewa maso gabas, a jihar Konetikat, wurin ɗiyar ƙanwata da ke aikin jinya a birnin Niyu Heben. Ƙaramar jiha ce, faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin uku na jihar Kaduna ba, mutanenta wajen miliyan uku da rabi. Kuma tana cikin 'yan tsirarun jihohin da babu sherif ko ɗaya. Da suna da shi, suka soke.

Da na ce mata ina son zuwa kotu, sai da ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Kawu, mutane na zuwa ƙasar nan su ce a kai su kanti ko bakin teku. Kai kuma kotu? Wa ya yi ƙarar ka?"

Na ce mata a Kafanchan ma ba sai an yi ƙarar mutum ba. Dattijon da ya yi ritaya, in ya gaji da zaman majalisa, kotu yake tafiya ya samu benci ya sha labari kyauta. Ta yi dariya, ta sauke ni a bakin dandalin tsakiyar birni kan hanyarta ta asibiti.

Ginin tsoho ne, na farin dutse, da dogayen ginshiƙai da matakala mai faɗi. Layi ya miƙo har waje duk da sanyin da ke yanka kunne. Ƙofa ɗaya ce kowa ke bi. A ciki akwai wata ƙofar ta na'ura mai gano ƙarfe, irin ta filin jirgin sama, da bel mai jan jaka zuwa cikin akwatin haske. Aka miƙo min faranti na roba na zuba makulli da waya da agogo da tsabar kuɗi, na kwance bel ɗin wando. Na'urar ta yi ƙara duk da haka, wani ƙato mai kayan sarki ya zagaya jikina da sandar bincike, ya gano 'yar makullin akwati da ta maƙale a aljihun ciki, ya ce in wuce. Bai tambaye ni sunana ba, bai tambayi wurin wa na zo ba, bai kuma ce in samo masa na ruwa ba. Matar da ke gabana an samu ɗan almakashi a jakarta, aka ce ko ta mayar mota ko ta haƙura da shi. Ta yi ƙunƙuni ta koma.

Tun a nan idona ya sauka kan ƙugunsu. Ankwa, kulki, ƙaramin gwangwanin feshin barkono, rediyon oba-oba, safar hannu. Babu bindiga. A ƙasar da bindiga ta fi mutane yawa, masu tsaron kotun da ake kawo 'yan fashi da masu kisan kai ba su riƙe da ko ƙarama. Ana kiran su mashal na kotu, kuma ma'aikatan sashen shari'a ne kai tsaye, kamar rajistara da magatakarda. Sashen shari'a ke ɗaukar su, shi ke horar da su, shi ke biyan su.

Zauren da na shiga shi ne na gabatar da sababbin tuhume-tuhume, wato waɗanda aka kama cikin dare ko ƙarshen mako. Ya cika maƙil: iyaye mata, 'yan mata da jarirai, samari da rigunan sanyi masu hula. Kafin alƙali ya fito, wata mashal, mace gajeriya mai furfura, ta bi layi-layi tana cewa a cire hula, a kashe waya, mai cingam ya tofar. Ta iso kaina ta dubi hulata, na ce mata ta al'ada ce, ta gyaɗa kai ta wuce. Sai wani ya ɗaga murya ya ce kowa ya tashi, ya rero wasu tsofaffin kalmomin buɗe zama da sauri kamar mai karanta haddar da ya gaji da ita. Alƙalin ya shigo da baƙar riga, kai babu gashin doki. Lauyoyin ma haka, kwat kawai.

Abin kallon shi ne yadda mashal ɗin suka rarraba kansu ba tare da wani ya ba su umarni ba. Ɗaya a ƙofar gefe, wadda ke gangarawa ɗakunan tsaro. Ɗaya a bayan wanda ake tuhuma, dab da shi, kusa yadda in ya motsa kafaɗa zai ji. Ɗaya tsakanin teburin lauyoyi da kujerar alƙali. Ɗaya kuma ya ba alƙali baya ɗungurungum, mu yake kallo, mu 'yan kallo. Ana fito da mutum da ankwa, a karanta tuhuma, jami'in beli ya faɗi abin da ya gano game da shi, lauyan gwamnati ya yi magana, lauyan da hukuma ke bai wa marasa hali ya yi tasa, alƙali ya yanka beli ya sa rana, a fita da shi a shigo da wani. Wasu ko minti biyar ba sa kaiwa.

Can aka fito da wani saurayi da ake zargi da dukan uwar ɗansa. Alƙali ya hana shi kusantar gidanta, ya yanka belin da daga gani ya fi ƙarfinsa. Sai ya juyo yana neman wani a cikin jama'a, ya fara ɗaga murya. Wata dattijuwa a layi na uku ta miƙe tana kiran sunansa. Ban ga lokacin da mai kallonmu ya taka ba, sai dai na gan shi tsaye a bakin layinta, tafin hannunsa a buɗe, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na bayan saurayin ya sa hannu ɗaya a gwiwar hannunsa ya juya shi wajen ƙofar gefe, na ƙofar ya riga ya buɗe. Babu mari, babu tsawa. Alƙali bai ko ɗago kai daga takardarsa ba, ya kira suna na gaba.

Da aka tafi hutun rana na samu ɗayansu a baranda, na ce masa ni baƙo ne daga Najeriya, ina mamakin rashin bindigar. Ya ce bindigar da ke cikin zauren kotu ta kowa ce, domin duk wanda ya fi ka zafin nama ya mallake ta. Aikinsu, in ji shi, a ƙofa yake ƙarewa: in ƙarfe bai shigo ba, saura aikin ido ne da baki. Amma bai ɓoye min ba, ya ce a cikinsu akwai masu ganin ya kamata a ba su, musamman na bakin ƙofa, tunda mai mugun nufi ba ya bin layi. Muhawarar tana nan ba ta mutu ba. Na tambaye shi zauren da ya fi tsoro, ina jiran ya ce na masu kisa. Ya ce a'a, na rabuwar aure da rabon 'ya'ya. Ɗan fashi ya san abin da ya kawo shi. Magidancin da aka ce yau ba zai koma gida da ɗansa ba, shi kansa bai san abin da zai aikata ba.

Yadda Konetikat ta iso nan labari ne da zai yi wa ɗan Najeriya kama da na gida. Tun 1960 jihar ta soke gwamnatocin gundumominta 8, ta karɓe gidajen yari daga hannun sherif, a 1968 kuma ta haɗa su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Sai aka bar manyan sherif 8 da aiki biyu: tsaron kotu tare da jigilar fursunoni, da kai takardun shari'a. Su ke naɗa mataimakansu yadda suka ga dama. Ka san abin da ke biyo baya idan ɗan siyasa ya samu ikon rabon aiki babu mai duba shi. Aka yi ta ƙorafin cewa aikin ya zama ladan 'yan jam'iyya da 'yan uwa, ana tatsar mataimaka kuɗin kamfen, horo kuma sai abin da hali ya yi. Jaridu suka yi ta tonawa. A Nuwamba 2000 aka kai maganar gaban jama'a, suka kaɗa ƙuri'ar gyara tsarin mulkin jihar, aka shafe muƙamin. Aka raba aikin biyu: mashal na kotu su tsare zaure da fursuna a ƙarƙashin alƙalai, mashal na jiha kuma su kai sammaci da zartar da hukunci ana biyan su kuɗin aiki. Gwamnan da aka yi wannan gyara a zamaninsa, John Rowland, shi kansa ya sauka a 2004 kan zargin rashawa ya kuma shiga kurkuku. Mai shara ma wani lokacin da tasa dauɗar.

Ba za a ce wannan tsari ya ci gasa a ƙasar ba, domin kowace jiha da nata. A Niyok jami'an kotu ma'aikatan sashen shari'a ne su ma, amma da bindigoginsu. Uku daga cikinsu sun mutu ranar 11 ga Satumba 2001 suna ceton mutane a dogayen benayen nan da aka kai wa hari. Kotunan tarayya kuwa suna hannun rundunar mashal ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1789. A birnin Las Begas, cikin Janairu 2024, duniya ta ga bidiyon wani da ake shirin yanke wa hukunci ya yi tsalle ya haye teburin alƙali ya faɗa kan Mai Shari'a Mary Kay Holthus, alhali mashal na kotu na tsaye a wurin. Wato mallakar mai gadi ba ta hana mahaukacin tsalle.

Sai dai manyan masifu biyu da ake yawan ambata a wannan muhawara duk a gidan sherif suka faru. Ranar 11 ga Maris 2005, a kotun gundumar Fulton da ke Atalanta, aka bar wata mataimakiyar sherif ita kaɗai ta raka Brian Nichols, wanda ake yi wa shari'ar fyaɗe, ta cire masa ankwa don ya sauya kaya. Ya yi mata dukan kawo wuƙa, ya kai ga bindigarta, ya shiga zaure ya harbe Mai Shari'a Rowland Barnes da mai ɗaukar bayanan kotu, ya kashe wani mataimakin sherif a waje, daga baya ya ƙara da jami'in tarayya. Ɗayar ta fi ban tsoro. Ranar 19 ga Satumba 2024, a gundumar Letcher ta jihar Kentaki, aka harbe Alƙali Kevin Mullins a cikin ofishinsa, kuma wanda aka kama aka tuhuma da kisan shi ne sherif ɗin gundumar da kansa, Shawn Stines, mutumin da tsaron kotun ke wuyansa.

Mu a kudancin Kaduna mun taɓa zama ƙarƙashin wani abu mai kama da sherif, sai dai ba zaɓaɓɓe ba. Zamanin En'e, kotu da kurkuku da ɗan doka duk na sarki ne. Dogari mai ja da kore shi ke kamo mutum, shi ke tsaye a kansa gaban alƙali, abokin aikinsa ke kulle shi. Tsofaffin Kaninkon da Fantswam da Bajju da Atyap ba su manta da wannan ba, kuma yana cikin koke-koken da ƙananan ƙabilun Arewa suka kai gaban hukumar Willink a 1957 da 1958. Sojoji ne suka warware ƙullin: dokar kotunan yanki ta 1967 ta cire alƙalai daga hannun sarakuna daga Afrilun 1968, aka kuma narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya. Bayan rikicin shari'a na 2000, Gwamna Ahmed Makarfi ya sake fasali a 2001: kotun shari'ar Musulunci, kotun gargajiya, da kotun majistare, kowa ya nufi inda ya yarda da shi. A ganina wannan na cikin abubuwa masu hankali da aka yi a jihar nan. Amma duk gyaran kan kujerar alƙali ya tsaya. Ba a taɓa zama an tambayi wa zai tsaya a ƙofa ba.

A takarda muna da sherif, muna da belif. Dokar da ta kafa su tun 1945 take, kuma a aikace babban rajistaran babbar kotun jiha shi ne sherif, belif kuma yaransa ne masu kai sammaci da kwashe kayan wanda bashi ya ci. Ba su da ankwa, ba su da horon riƙe mutum, tsaron zaure ba aikinsu ba ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, don haka duk alƙalin da ke son kariya sai ya aro. Ɗan sandan da ke buga tebur ya ce "Kotu!" aro ne daga dipio. Gandiroban da ya kawo mai jiran shari'a na wata hukumar tarayya ce dabam, kuma in motarsu ba mai, ranar sai a ɗaga shari'a. A kotun majistare sau da yawa mai gabatar da ƙara ɗan sanda ne, wanda ya yi kamun ɗan sanda ne, mai tsaron zauren ɗan sanda ne. Talakan da ya zo ya ce an doke shi a caji ofis zai waiga hagu da dama ya ga kaki iri ɗaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara: ranar da babban mutum zai zo gari, ko hanya ta ɓaci, a kwashe 'yan sandan a bar alƙali da masinja.

Mun ga inda hakan ke kaiwa. Ranar 6 ga Disamba 2019 jami'an tsaron farin kaya suka yi kokawar sake kama Omoyele Sowore a babbar kotun tarayya ta Abuja, Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu ta tashi daga zama. Babu wani mai kayan sarki a wurin da zai ce shi na kotu ne, a dakata. A Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga har cikin kotu a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Safana, jihar Katsina, suka tafi da alƙali. A Yunin 2024 aka sace wata alƙaliyar kotun gargajiya ta jihar Kaduna daga gidanta tare da 'ya'yanta huɗu, aka kashe babban.

Ba na cewa mashal mai kulki zai tare masu AK-47. Wannan aikin 'yan sanda da soja ne, kuma zai ci gaba da zama nasu. Abin da na gani a Niyu Heben ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi sauƙin yi: katanga, ƙofa ɗaya, na'urar bincike, da mutane 'yan kaɗan da aka horar, waɗanda albashinsu da ƙarin girmansu da korarsu ke hannun babban jojin jiha. Ba sai an taɓa sashe na 214 ba, tunda ba rundunar 'yan sanda ba ce. Kuɗi ne matsalar, kuma shi ya sa ma'aikatan shari'a suka garƙame kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yunin 2021 suna neman a sakar wa sashen shari'a kuɗinsa. A yankinmu kuma akwai sharaɗin da Konetikat ba ta damu da shi ba: a ɗauko su a gauraye, ɗan Kagoro da ɗan cikin garin Jama'a da ɗan Kwoi da Bafulatanin Laduga a ƙofa ɗaya, yadda duk wanda ya shigo zai ga fuskar da ba ta tsorata shi.

Kuma in za a fara, kada a fara da zauren masu manyan laifuka. Shari'ar da ke zubar da jini a wurinmu ta gona ce da ta gado da ta ɓarnar shanu. Na taɓa bin wata kotu zuwa ganin iyakar gona a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Alƙali da magatakarda a tsohuwar mota, belif a kan acaɓa da fayil cikin leda saboda yayyafi, da ɗan sanda guda wanda mai ƙara ne ya biya kuɗin man da ya kawo shi, abin da wanda ake ƙara ya sani sarai. Muka tarar da dangin kowane ɓangare sun yi sahu a kunyar citta, kusan kowa da fartanya ko adda a hannu, domin gona aka zo, ba mai cewa don me. Alƙalin ya dubi sahun nan biyu, ya dubi ɗan sandansa, ya ce rana ta yi, a koma kotu a sa wata ranar.